Jikin da ya koyi faɗuwa: yadda rawar zamani ta kafu a ƙasar Sin

A daren 8 ga watan Agustan 2008, lokacin da ake buɗe gasar Olamfik a filin wasan birnin Beijing da ake wa laƙabi da Sheƙar Tsuntsu, an shimfiɗa wata makekiyar farar takarda a tsakiyar fili, sai wasu masu rawa sanye da baƙaƙen kaya suka hau kanta suna birgima, suna jan ciki, suna murɗa jiki, kuma duk inda hannunsu ya ratsa sai ya bar layin tawada. Kafin su sauka, layukan nan sun zama duwatsu da ruwa da rana, irin zanen da Sinawa suka gada tun kaka da kakanni. Wanda ya tsara wannan ɓangare na bikin shi ne Shen Wei, ɗan lardin Hunan da aka haifa a 1968, wanda ya shiga makarantar wasan opera na gargajiya yana ɗan shekara tara, daga baya ya koma birnin Niyok na Amurka da zama a 1995. Abin lura shi ne, shekaru 25 kacal kafin wannan dare, a 1983, hukumomin ƙasar na cikin wani gangami na yaƙi da abin da suka kira gurɓatar tunani, kuma a wancan lokaci rawar da mutum zai kwanta a ƙasa yana birgima babu labari babu fara'a tana cikin abubuwan da ake yi wa kallon baƙin al'adar 'yan jari hujja. Ga shi kuma gwamnatin ta ɗauko ta da hannunta ta nuna wa duniya a matsayin abin alfaharinta.

Mai karatu da ya saba da cewa rawa abokiyar kiɗa ce da murna da taron biki yana bukatar a fayyace masa abin da ake nufi da rawar zamani a nan. Wata fasaha ce ta dandamali da ta taso a Amurka da Jamus a farkon ƙarni na 20, a hannun mutane irin su Isadora Duncan da Mary Wigman da Martha Graham, waɗanda suka yi wa rawar bale, wato tsohuwar rawar dandamali ta Turai da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa, tawaye: suka tuɓe takalma, suka daina ƙoƙarin nuna cewa jiki ba shi da nauyi, suka ce kowane mai tsara rawa yana da ikon ƙirƙiro salon motsinsa gwargwadon abin da yake son faɗa. Wannan iko na mutum ɗaya shi ne ƙashin bayan fasahar, kuma shi ne ya sa tarihinta a ƙasar Sin ya zama tarihin taƙaddama a kan tambaya guda: wane ne ke da iko da jikin mai rawa, gwamnatin da ta horar da shi, ko al'adar da ya gada, ko 'yan kallon ƙasashen waje da ke biyan kuɗin gayyatarsa, ko kuwa shi kansa?

Hatta sunan abin yana da sarƙaƙiya. Sinawa suna da kalmomi biyu da dukkansu za a iya fassarawa da rawar zamani. Akwai xiandai wu, wadda ita ce mai tushe a waccan fasaha ta Amurka da Turai, sannan akwai dangdai wu, sunan da aka raɗa wa raye-rayen da ke ba da labarin rayuwar yau a cikin sigar da hukuma ta amince da ita, musamman waɗanda ƙungiyoyin rawa na rundunar soja suka shahara da su: sojan da ke aikin ceto a ambaliya, ma'aikacin da ya sadaukar da kansa, uwar da ke sallamar ɗanta. A gasar Hehua, wato Furen Bado, wadda ƙungiyar masu rawa ta ƙasa ke shiryawa, kowanne daga cikin biyun yana da nasa rukunin. Baƙon da bai san wannan bambanci ba yakan ɗauka abu ɗaya ake magana a kai, alhali kuwa tsakaninsu akwai bambancin manufa da na aljihun da kuɗi ke fitowa.

Ana yawan fara labarin daga shekarun 1980, amma tushensa ya girmi haka nesa ba kusa ba. Yu Rongling, 'yar jakadan daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, a Faransa, ta yi karatun rawa a wurin Isadora Duncan a birnin Faris, ta kuma dawo gida a 1903 ta shiga fadar uwar sarki Cixi, sai dai abin nata bai wuce bangon fada ba. Waɗanda suka dasa irin a fili su biyu ne. Na farko shi ne Wu Xiaobang, wanda aka haifa a 1906, ya je Japan karatu ya haɗu da malaman da suka ɗauko salon Jamus, ya dawo Shanghai ya buɗe makaranta, ya kira abin da yake yi sabuwar rawa. Da yaƙi da Japan ya ɓarke gadan-gadan a 1937, sai ya ɗauki rawarsa ya bi sansanoni da garuruwa da ita, yana tsara wasanni a kan yunwa da mamaya da maciya amanar ƙasa. Ta biyu ita ce Dai Ailian, wadda aka haifa a tsibirin Trinidad a 1916 cikin iyalin Sinawa mazauna ƙetare, ta koyi bale a Landan, ta kuma koyi salon Jamus a makarantar Kurt Jooss da Sigurd Leeder a Ingila, sannan ta iso Hong Kong a 1940 ba ta ma iya Sinanci sosai ba. Ta shiga yankunan ƙananan ƙabilu tana koyon raye-rayensu, kuma wasan da ta gabatar a Chongqing a 1946 ya zama zakaran gwajin dafi wajen ɗauko rawar ƙauye a ɗora ta a kan dandamali.

Darasin da ke cikin rayuwar waɗannan mutum biyu shi ne, rawar zamani ta shigo ƙasar Sin ne a matsayin makamin kishin ƙasa, ba a matsayin hanyar da mutum zai bayyana abin da ke ransa shi kaɗai ba. Saboda haka da jam'iyyar kwaminis ta kafa gwamnati a 1949, su biyun sun samu manyan muƙamai, amma fasahar da suka koyo a waje ba ta samu wurin zama ba. Makarantar rawa ta Beijing da aka buɗe a 1954, wadda Dai Ailian ta zama shugabarta ta farko, an gina ta ne a kan ginshiƙai uku: bale da malaman Tarayyar Sobiyat suka kawo, raye-rayen ƙabilu da na karkara da aka gyara, da kuma wata sabuwar aba da aka kira rawar gargajiya ta Sin, wadda a haƙiƙa a waɗannan shekaru aka harhaɗa ta daga motsin wasan opera da na fasahar faɗa. Wu Xiaobang ya yi ƙoƙarin ci gaba da nasa gwaje-gwajen a wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai suna Tianma, aka rufe ta a 1960. Da juyin juya halin al'adu ya zo, daga 1966 zuwa 1976, sai dandamali ya ƙuntata har ya zamana 'yan wasannin da Jiang Qing, matar Mao Zedong, ta sa wa albarka ne kawai ake maimaitawa, cikinsu har da bale na rundunar mata 'yan juyin juya hali da aka fara nunawa a 1964, inda 'yan mata ke tsaye a kan yatsun ƙafa riƙe da bindigogi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki waɗannan shekaru talatin a matsayin wofi, domin a cikinsu ne aka gina tsarin da har gobe yake samar da masu rawa a ƙasar. Ana zaɓar yaro yana ɗan shekara goma zuwa goma sha biyu, bayan an auna tsawon ƙafafunsa da hannuwansa da laushin bayansa, a sa shi makarantar kwana ya yi shekara biyar ko shida yana miƙa ƙafa da lanƙwasa baya tun da asuba, daga nan a tura shi ƙungiyar rawa ta lardi ko ta soja inda zai ci albashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan karin maganar ta tashi daga misali ta zama aikin yau da kullum. Sakamakon shi ne masu rawa da ƙwarewar jikinsu ke ba duniya mamaki, waɗanda kuma ba a taɓa tambayarsu abin da suke son faɗa ba. Kusan duk wanda ya yi suna a rawar zamani ta ƙasar Sin daga wannan tsari ya fito, kuma a ganina ba za a fahimci ayyukansu ba sai an riƙa tuna cewa ayyuka ne na mutanen da suke ƙoƙarin kwance abin da aka ɗaure a jikinsu tun suna yara.

Bayan da jagoran Sin Deng Xiaoping ya buɗe ƙofofin ƙasar a 1978, alamun sauyi sun fara bayyana daga cikin gida. A gasar rawa ta ƙasa ta farko da aka yi a Dalian a 1980, wani matashi mai suna Hua Chao ya fito shi kaɗai, kusan babu komai a jikinsa sai ɗan gajeren wando, ya yi wata rawa mai suna Fata wadda ba ta da jarumi ba ta da mugu, sai jikin mutum yana fama yana miƙewa. Amma matakin da ya sauya al'amura shi ne na Yang Meiqi, shugabar makarantar rawa ta Guangdong. A 1986 ta halarci bikin raye-raye na Amurka da ake yi a garin Durham na jihar Carolina ta Arewa, ta ga ɗalibai suna ƙirƙirar motsi nan take ba tare da malami ya nuna musu ba, ta dawo da ƙudurin kafa irin wannan aji a gida. Da goyon bayan shugaban bikin, Charles Reinhart, da tallafin wata cibiyar musayar al'adu tsakanin Amurka da Asiya, aka buɗe ajin gwaji a birnin Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong, a 1987, malamai suna zuwa daga Amurka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi 'yan watanni ya koma.

Ba da ka aka zaɓi Guangzhou ba. Birnin na da nisa daga Beijing inda ake sa ido a kan komai, yana maƙwabtaka da Hong Kong, kuma lardinsa ne aka ware domin gwajin sabon tsarin tattalin arziki, don haka jami'ansa sun saba da kalmar gwaji. A 1992, shekarar da Deng Xiaoping ya yi rangadinsa na kudu domin farfaɗo da sauye-sauyen da suka yi sanyi bayan murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a 1989, gwamnatin lardin ta amince a mayar da ajin cikakkiyar ƙungiyar rawar zamani, ta farko a babban yankin ƙasar, wato ban da Taiwan da Hong Kong. Shen Wei na cikin waɗanda aka kafa ta da su.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da ya faru a cikin wancan aji, domin a nan ne ainihin juyin yake. Ɗaliban ƙwararru ne tun kafin su zo. Suna iya ɗaga ƙafa har ta taɓa kunne, suna iya tashi sama su juya su dira ba tare da tangaɗi ba. Abin da ba su iya ba shi ne faɗuwa. A horon da suka taso da shi, ƙirji a buɗe yake, haɓa a sama, fuska ɗauke da murmushi, kuma wanda ya taɓa ƙasa da bayansa ba bisa tsari ba ya yi kuskure. Sai ga malamai suna cewa a saki wuya, a bar nauyin kai ya ja jiki zuwa ƙasa, a fitar da numfashi a bi shi, a faɗi, sannan a yi amfani da ƙarfin faɗuwar a tashi, kamar yadda salon Doris Humphrey da José Limón, malaman rawar zamani na Amurka, ya tanada. Ga wanda aka horar shekara da shekaru cewa ya riƙe kansa, sakin jiki ya fi kowace irin tsalle wuya. Haka nan da aka ce kowa ya tsara rawar minti biyu daga abin da ya dame shi, wannan umarni ya fi na lanƙwasa baya nauyi, saboda yana nufin malami ba shi da amsar. Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin: a 1990 ɗalibai biyu na ajin, Qiao Yang da Qin Liming, suka ci lambar zinariya a gasar rawa ta duniya a Faris.

A nan dole a ambaci rawar da Sinawan da ke wajen babban yankin suka taka. A Taiwan, Lin Hwai-min ya kafa ƙungiyar Cloud Gate tun 1973, kuma bayan ya fara da salon Martha Graham sai ya juya ya sa masu rawarsa suna koyon taici, wato motsa jiki a hankali irin na gargajiyar Sin, da zaman natsuwa da rubutun burushi, har ya fito da wani motsi mai gudana kamar ruwa wanda ya nuna wa na Beijing da Guangzhou cewa ana iya yin rawar zamani da jikin da aka rena a gida. A Hong Kong kuma, Willy Tsao ya kafa tasa ƙungiyar a 1979, kuma ya shafe shekaru yana zuba kuɗin iyalinsa da lokacinsa a babban yankin: ya jagoranci ƙungiyar Guangdong, ya jagoranci ƙungiyar rawar zamani ta Beijing da aka kafa a 1995, wadda mai rawa Jin Xing ta fara jan ragamarta, sannan a 2005 ya kafa LDTX a Beijing a matsayin ƙungiya mai zaman kanta. Bukukuwan raye-rayen da ya assasa a Guangzhou da Beijing su ne suka zama makarantar matasa da yawa daga lardunan nesa, waɗanda a can suka fara ganin irin wannan rawa da idonsu.

Daga shekarun 1990 hanya ta rabu gida-gida, kuma mutum biyu sun ishe mu misali, domin suna tsaye ne a iyakoki biyu na fagen. Ta farko ita ce Wen Hui, 'yar lardin Yunnan da aka haifa a 1960, wadda ta gama kwalejin rawa ta Beijing a 1989 aka tura ta wata babbar ƙungiyar gwamnati mai shirya raye-rayen ƙasashe domin baƙi da bukukuwa. A 1994 ita da Wu Wenguang, mai shirya finafinan gaskiya, suka kafa Living Dance Studio ba tare da rajista ko kasafin gwamnati ba. Wen Hui ta kawo wanki da wanka da shanya tufafi kan dandamali. A 1999 ta tsara wani wasa a kan haihuwa bayan ta tattauna da mata masu sana'o'i dabam-dabam, har da mahaifiyarta, inda masu rawa ke fama da zannuwan gado da barguna yayin da muryoyin matan ke tashi. A 2001 ta ɗauko leburori 30 'yan ci-rani daga lardin Sichuan, irin waɗanda ke gina benayen Beijing suna kwana a rumfuna, ta haɗa su da masu fasaha a cikin wata tsohuwar masana'anta da aka daina aiki a cikinta, ana biyan kowannensu yuwan 30, kuɗin Sin, a rana. Leburorin sun yi rawar ne da abin da jikinsu ya sani: ɗaukar kaya, mirgina ganga, hawa bisa, jera bulo. An soki aikin da cewa masu ilimi ne suka yi ado da wahalar talaka, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ni ina ganin ya yi abin da babu wata ƙungiyar gwamnati da ta yi a lokacin, wato ya sa 'yan birni sun zauna sun kalli mutanen da kullum suke wucewa ta gabansu ba tare da sun ɗaga ido ba.

Aikinta da ya fi taɓa zuciyar wannan tarihi shi ne na 2015 mai suna Ja, inda ta koma kan waccan bale ta rundunar mata. Ta gayyato Liu Zhuying, wadda ta yi rawar a shekarun 1970 tana budurwa, ta tsaya a kan dandamali tare da 'yan baya. Dattijuwar tana nuna yadda ake dunƙule hannu da yadda ake kafe ido, jikinta bai manta ko ɗaya ba, kuma tana maganar zamanin da shauƙi domin shi ne ƙuruciyarta, su kuwa matasan suna gwada motsin suna jin sa baƙo a gaɓoɓinsu. Wen Hui ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Ta bar mai kallo ya ga yadda siyasa ke shiga tsoka ta zauna bayan an daina rera taken. Jamus ta ba ta lambar yabo ta Goethe a 2021.

Na biyun shi ne Tao Ye, wanda aka haifa a Chongqing a 1985, ya yi makarantar rawa, ya yi ƙungiyar soja a Shanghai, ya bi ta ƙungiyar Jin Xing da ta Beijing, sannan a 2008 ya kafa TAO Dance Theater tare da Duan Ni da Wang Hao. Shi ya bi hanyar da ta yi hannun riga da ta Wen Hui: ya kori labari, ya kori fuska, ya kori ko da suna, domin lamba yake raɗa wa ayyukansa gwargwadon yawan masu rawar da ke ciki. A cikin 4, mutum huɗu ne da fuskokinsu a rufe, suna kewaya juna ba tare da sun taɓa juna ba. A cikin 5, mutum biyar ne a cuɗe kamar curin igiya, suna mirginawa a daɓe ba sa rabuwa. A cikin 6, mutum shida ne a jere cikin duhu-duhu, ƙafafunsu kusan a kafe wuri ɗaya, hannuwansu riƙe da dogayen baƙaƙen tufafinsu, ƙashin baya da wuya da kai ne kawai ke aiki: su sunkuya, su karkata, su zana da'ira da ƙoƙon kai, su dawo, su sake, babu hutu. Mintunan farko mai kallo yakan ƙosa yana jiran wani abu ya faru, can sai ya fara lura da gumi da numfashi da ɗan bambancin da ke tsakanin wannan baya da wancan, ya gane cewa abin da yake jira tun ɗazu yake faruwa.

Masu sharhi na Turai sukan yi saurin cewa wannan falsafar Gabas ce, wasu kuma su ce hoton al'ummar da aka hana mutum ɗaya ya fita dabam ne. Dukkan fassarorin biyu suna nuna matsalar da ke bin masu rawar Sin duk inda suka je. Kasuwar waje tana son ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai ta ga tawada da farin hazo da taici ta ce ga Sin ta asali, ko kuma ta ga alamar bijirewa hukuma ta ce ga jarumi. Matashin da ya fito da aikin da ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin biyun yakan sha wuya kafin a gayyace shi, a gida kuma a ce masa yana kwaikwayon Turawa. Shekara da shekaru ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi yin wasa a Landan da Faris da Niyok fiye da yadda suke yi a garuruwansu, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai gayyata yana da tasiri a kan abin da za a tsara, ko da bai buɗe baki ya faɗa ba.

A gida ma kiɗa ya sauya, rawa kuma ta bi shi. An buɗe babbar cibiyar wasanni ta ƙasa a Beijing a 2007, an kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa a ƙarshen 2013, an buɗe cibiyar rawa ta duniya a Shanghai a 2016, kuma manyan birane da dama sun gina gidajen wasa na alfarma da ke neman abin da za a nuna a cikinsu. Gidan talabijin na Hunan ya fara wata gasar rawa a 2019 wadda ta sa matasa masu yawa suka san sunayen masu rawar zamani a karon farko. Masu tsara rawa irin su Wang Yuanyuan da Xie Xin suna da ƙungiyoyinsu, suna kuma samun 'yan kallo masu sayen tikiti. Sai dai inda kuɗi da jama'a suka fi karkata shi ne manyan wasannin rawa masu labari da ke ɗaukaka tarihi da kayan gado, kamar wanda Zhou Liya da Han Zhen suka tsara a 2021 a kan wani zanen duwatsu da koguna na zamanin daular Song, wanda aka nuna wani yanki nasa a shagalin sabuwar shekara na talabijin ɗin ƙasa a 2022, ya kuma cika gidajen wasa a faɗin ƙasar. Wanda ya kalle shi da idon basira zai ga dabarun rawar zamani a ko'ina a cikinsa, a yadda ake sakin nauyi, da yadda ake jinkirta motsi, da yadda ake barin fili ya yi magana. Ke nan hukuma ta karɓi dabarun hannu bibbiyu, ta bar tambayar da ta haife su a bakin ƙofa. Ban ga laifin kyawun waɗannan wasanni ba, kuma masu rawar cikinsu sun cancanci tafin da ake yi musu, amma abin yana damuna, domin matashin da ya ga inda abinci yake ba zai daɗe yana tsara rawar da ke tayar da hankalin mai kallo ba, balle ma kowane wasan da za a sayar wa jama'a tikitinsa sai ya samu izinin hukumar al'adu.

Annobar korona ta tona yadda ƙasan ƙungiyoyi masu zaman kansu ba ta da ƙwari. Da aka rufe iyakoki da gidajen wasa, kuɗin yawon ƙasashen waje ya yanke, a 2022 TAO Dance Theater, wadda ta yi wasa a ƙasashe fiye da 40, ta sanar cewa ba za ta iya ci gaba da biyan masu rawarta ba, tana shirin watsewa. Sanarwar ta girgiza masu sha'awar fasaha a ƙasar, aka yi ta muhawara a kan yadda ƙungiyar da ake alfahari da ita a waje ta rasa abin riƙe kanta a gida, kuma daga bisani ta samu ta tsallake. A shekarar da ta biyo baya, 2023, bikin fasaha na birnin Venice a Italiya ya ba ta lambar Zakin Azurfa a fannin rawa. Tao Ye da Duan Ni kuwa sun ƙara ba da ƙarfi ga azuzuwan da suke buɗe wa mutanen da ba su taɓa shiga makarantar rawa ba, ma'aikatan ofis da ɗalibai da iyaye, waɗanda ba wanda ya auna tsawon ƙafafunsu kafin ya karɓe su. Suna zuwa bayan an tashi aiki, su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su kwanta a daɓe, a koya musu yadda za su ji nauyin kansu da yadda za su mirgina su tashi ba tare da sun ji ciwo ba.